Ƙullutun Wuyan Mai Aski

Ita ke ɗinka masa riguna tun kafin su yi aure, saboda haka ta fi shi sanin faɗin wuyansa. Tela ake ce mata a layin, har sunan ya bi ta gida, mijin ma idan tsokana ta motsa masa Madam Tela yake kiranta. Shagonta na kallon nasa, titi ne kawai a tsakani. Shi mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san abin da ya sa ake ce masa Rediyo. Daga ɗaura maka ƙyalle a wuya har kakkaɓe maka kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa. Ya ba ka labarin ƙwallo, ya ba ka na 'yan siyasa, ya gaya maka laifin gashinka da na wanda ka gado shi a wurinsa. Masu sanƙo yakan ce musu ladan nema zai karɓa, ba na aski ba. Tana bakin kekenta takan jiyo dariyar maza tana tashi daga tsallaken titi, ta girgiza kai ta ci gaba da ɗinkinta.

Wata rana ta ɗinka masa sabuwar farar rigar aiki a kan tsohon awonsa da ta haddace. Da ya saka, maɓallin kwala ya ƙi shiga. Ya ce dama ya daɗe yana zargin idon Madam Tela ya fara tsufa, yau ga shaida. Ta ce ya tsaya ta gani, ta ɗauko tef ta zagaya wuyansa da shi, nan yatsunta suka ci karo da wani abu a ƙasan muƙamuƙinsa na hagu, inda gemu ya rufe. Ƙullutu ne kamar ƙwan tantabara, mai ɗan tauri. Ta danna shi a hankali, sai ta ji yana harbawa a ƙarƙashin yatsanta kamar wata 'yar zuciya ta daban. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

Shi ko a jikinsa. Ya ce mutumin da ke wuni gaban madubi ba za a ba shi labarin wuyansa ba, ya yi shekaru da sanin abin, don shi ma ya ƙara tara gemu. Ba ya ciwo, ba ya hana shi ci, ba ya hana shi barci. Har ya nuna mata yadda yake turuwa gefe da gefe amma ba ya yarda ya yi sama ko ƙasa, kamar mai nuna wa yara dabo. Ya ce ɗan haya ne mai ladabi, ba ya kiɗa, ba ya tara baƙi, a kan me zai kore shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta taɓa jinyar yayarta da ta ɓoye ƙullutu a mama har sai da ya fashe, kuma ta san yadda wannan jinya ta ƙare. Daga ranar ta sa shi gaba. Da safe magana, da yamma magana, ya yi kunnen uwar shegu da ita, ya mayar da abin wasa, ta yi fushi, ya lallashe ta, gobe ta sake. Ana cikin haka abin ya kai ƙwan kaza, gemun ya kasa rufe shi, masu zuwa aski suka fara tambaya. Ranar da wani ya ce masa ko goruba ya haɗiye ta maƙale, aka yi dariyar da ba shi ya jawo ta ba, ranar ya dawo gida ya ce mata to, su je.

A ƙaramin asibitin unguwa likitan ya so ya tsira masa allura ya zuƙo abin da ke ciki. Har ya buɗe sirinji, sai ya sake ɗora yatsa a kan ƙullutun, ya ɗauko abin sauraren ƙirji ya ɗora a wuyan. Ya mayar da sirinjin ya ajiye, ya ce wannan ba abin tsirawa ba ne, su wuce babban asibiti a yi hoto.

Likitan da ya karɓe su a can dattijo ne, mai yin tiyatar jijiyoyin jini, gajere mai ƙananan hannaye da magana a hankali. Ya daɗe yana kallon hoton a kan kwamfuta, sannan ya juyo ya ɗaga yatsu biyu ya ware su. Ya ce babbar jijiyar da ke kai jini kai ta wuya take hawowa, a daidai ƙasan muƙamuƙi take rabuwa biyu, reshe ɗaya ya tafi fuska, ɗaya ya tafi ƙwaƙwalwa. A tsakiyar wannan rabuwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, kowa yana da ita, aikinta ta ɗanɗana jini ta gaya wa jiki ko iska ta ishe shi. Tasa ce ta yi girma ta zama ƙari. Ya ɗauki murfin kwalba ya cusa tsakanin yatsun nasa, sannan ya rufe su duka da ɗaya hannun.

“Naka ba zama kawai ya yi a tsakani ba,” in ji shi. “Rungume su ya yi.”

Bai ɓoye musu komai ba. Ya ce irin wannan ƙari a hankali yake girma, kuma mafi yawansa ba ciwon daji ba ne, sai dai kaɗan daga ciki yakan zama, kuma ba a tabbatarwa sai an ciro an duba. Idan aka bar shi zai ci gaba da girma har ya danne jijiyoyin murya da na harshe da na haɗiya da ke wucewa ta gefensa, kuma duk shekarar da aka ƙara cire shi yana ƙara wuya. Ana iya gasa shi da na'ura ya tsaya da girma, amma ba zai fita ba, kuma ga mai sauran ƙarfi irinsa shi ya fi son a cire. Idan kuwa aka zo cirewa, waɗannan jijiyoyin dai su ne a bakin wuƙa, kuma akan samu, ba sau da yawa ba, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye. Ya ce yawancin waɗanda ya yi wa da ƙafafunsu suka koma gida, wasu da shaƙewar murya ta 'yan watanni.

A hanyar gida ta gane ba magana ɗaya suka ji ba. Ita ciwon daji ne ya tsaya mata a kunne, shi kuma murya.

Yayansa, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya, shi ne uba a wurinsa tun rasuwar iyayensu. Ya zo gidan ya saurari bayanin duka yana juya makullai a hannu. Ya ce shi bai yi karatu ba, amma ya san mota: idan tana ƙara tana tafiya, ba a sauke inji a tsakiyar hanya. Abin da ya zauna da mutum shekara da shekaru bai tsokane shi ba, a bar kaza cikin gashinta, kada garin neman gira a rasa ido. Tela ta ce, da ladabi amma ba ta sunkuyar da kai ba, yayarta ma haka aka yi ta cewa har aka rasa ta. Yaya ya ce wuyan ƙaninsa ne, shi da ke babba shi zai faɗi abin da za a yi da shi. Rediyo, wanda bai taɓa rasa abin cewa ba, ya zauna tsakaninsu yana shafa gemu, kuma ta ga alamar ya karkata wajen yayansa.

Sai ta kira 'yarsu. Ita kaɗai Allah ya ba su, tana aure a wata unguwa, tana aiki a kantin sayar da magani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta, kuma tun tana rarrafe bai taɓa iya ce mata a'a ba. Ta zo da tsohon cikinta ta zauna a gabansa, ta fara yi masa bayani irin na masu sayar da magani, bayanin ya ƙare a kuka. Ta ce so take abin da ke cikinta ya tashi ya san kakansa. Ya yi ta kallonta, can ya yi murmushi.

“To, Uwata ta ce a yanka,” ya ce. “Wane ni in ce a'a?”

Safiyar aikin, nas ta zo da reza za ta aske masa gemu da wuya. Ya ga yadda ta riƙe ta ya ce subhanallahi, tun kafin likita ya yanka shi ita za ta riga shi. Ya karɓi rezar, Tela ta riƙe masa ɗan madubi, ya aske kansa tas, yana yi yana koya wa nas ɗin yadda ake bin kwanciyar gashi, har marasa lafiyar da ke gadajen kusa suna dariya suna riƙe ɗinkinsu. Rabon da ta ga fuskarsa ba gemu tun suna da ƙuruciya. Ƙullutun ya fito fili, fatar kansa tana sheƙi tana motsi. Da aka zo tura shi ɗakin tiyata ya ce mata kada ta bari maƙwabcinsa mai wanki ya ari kujerun shago, ba ya mayarwa. A kan wannan suka rabu.

An ce musu kafin azahar za a fito. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Suna zaune a kan dogon benci a barandar da ke wari da maganin wanke ƙasa, ita da 'yarta a gefe ɗaya, Yaya a can ƙarshe ya ba su baya yana kallon taga. Sau biyu aka fito da gudu neman ƙarin jini. Duk buɗe ƙofa sai ta miƙe. Rana ta yi sanyi sannan likitan ya fito, hular tiyata ta jiƙe da gumi, ya zauna kusa da su. Ya ce an cire ƙarin duka. Amma ya manne da jijiyar ƙwaƙwalwa fiye da yadda hoto ya nuna, wajen ɓanɓare shi bangonta ya yage, dole suka ɗaure ta, suka yanke guntun da ya lalace, suka ciro jijiya daga cinyarsa suka yi mata gada. Jijiyar murya ta wannan ɓangaren kuma ta cikin ƙarin ta ratsa, ba yadda za a yi a raba su, da ita aka cire.

Da aka bar ta ta shiga, ta same shi da bandeji har kunne da robobi ta ko'ina. Ya buɗe ido ya gane ta. Ya matse hannunta da na dama, nas ta ce ya matse da na hagu, ya matse, ya motsa yatsun ƙafa duka biyu. Leɓensa ya motsa, ta kai kunne. Muryar kamar ana jan takarda a kan siminti, amma maganar ta fita sarai.

“An kori ɗan haya?”

Ta yi dariya da hawaye. Ta fito baranda ta gaya wa Yaya cewa ƙaninsa har ya fara tsokana, kuma ta san a muryarta akwai ɗan abin nan na wanda gaskiyarsa ta fito. Yaya ya ce alhamdulillahi, ya ce Allah ya saka mata da alheri, da shawararsa aka bi da har yanzu abin na nan.

Washegari da hantsi tana goge masa fuska da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe mata ɗan kwanon ruwan da hannun dama, sai kwanon ya suɓuce ya jiƙa zanen gado. Ta ce masa ka ji mai aski da sakin hannu. Bai amsa ba. Ta ɗaga tawul ɗin ta ga gefen bakinsa na dama ya zazzago, miyau na bin haɓarsa, idanunsa a kanta a buɗe da wani irin mamaki, kamar wanda aka yi wa tambaya da yaren da bai sani ba. Ta ɗaga hannun ta saki, ya faɗi kamar tsumma. Ba ta san ta yi ihu ba sai da ta ga nas-nas sun cika ɗakin.

Jini ne ya daskare a cikin gadar da aka yi. Aka sake mayar da shi ɗakin tiyata, aka buɗe ɗinkin, aka fitar da gudan jinin, jini ya koma gudu. Amma wani guntu ya riga ya ɓalle ya haura sama, ya toshe inda hannu ba ya kaiwa. Likitan ya nuna mata sabon hoto, wani tabo mai duhu a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ya ce nan ne ke juya hannun dama da ƙafar dama, kuma nan ne magana take zaune.

Ya yi kwanaki bai ce komai ba. Ruwa ma ba ya wucewa, da an ɗiga masa sai ya bi hanyar numfashi ya ƙware har idanunsa su firfito, saboda haka aka zura masa roba ta hanci, ta nan take ɗura masa madara da sirinji. Wata safiya likitan ya zo zagaye da ɗalibansa ya ce masa ya jiki, sai ga amsa ta fito a shaƙe: “Lafiya lau.” Tela ta dafe ƙirji, ta ce magana ta dawo. Likitan ya nuna masa agogo ya ce mene ne wannan. Ya kalli agogon, jijiyoyin goshinsa suka tashi, ya ce lafiya lau. Ya nuna masa matarsa ya ce wace ce wannan. Ya kalle ta ya daɗe, hawaye ya gangaro ta gefen idon da ba ya rufuwa sosai, ya ce lafiya lau. Duk tarin zancen nan da ya cika shago shekaru, abin da ya rage ke nan.

Suna asibitin sakamakon ƙarin ya fito. Wani ƙaramin likita ne ya kawo mata labarin da fara'arsa, ya ce ta gode wa Allah, ba ciwon daji ba ne, ko alama babu. Ta ce ta gode. Ta shiga banɗakin masu jinya ta kulle ƙofa, ta buɗe famfo don kada a ji ta.

Ta jira Yaya ya faɗi abin da ke bakinsa, har ta shirya yadda za ta haɗiye. Bai faɗa ba. Kullum yana zuwa, shi ke juya shi, shi ke kai shi wanka. Ranar da aka sallame su, da yake a hawa na biyu suke zaune, Yaya ya goya ƙaninsa duk da ciwon bayansa, tana biye da su da jakar kaya. A tsakiyar matakala ya tsaya ya jingina da bango yana haki. Bai juyo ba ya ce, “Tun yana goye ni ke ɗaukarsa. Lokacin ma bakinsa ba ya shiru.” Ya gyara goyon ya ci gaba da hawa. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Watanni suka shuɗe ana kai shi gashin ƙashi. Ƙafar ta dawo rabi, yana jan ta da sanda. Hannun bai dawo ba, ya lanƙwashe a ƙirji, yatsun a dunƙule. Aka cire robar hanci bayan an koya masa haɗiya, ya sunkuyar da haɓa, ya juya kai hagu, ɗan kaɗan a cokali, kuma komai sai an dama shi ya yi kauri, har shayi. Yana gane mafi yawan abin da ake faɗa, wannan ne ya fi ci mata rai. Idan aka yi abin dariya a gabansa takan ga amsar ta taso masa, idanunsa su yi haske, bakinsa ya buɗe, sai abin ya tsaya a hanya, hasken ya mutu. Da 'yarsu ta haihu aka ɗora masa jaririn a cinya, ya yi ta ƙoƙarin kiran sunan da yake kiranta, leɓe na rawa, har ta ce Baba bar shi, na ji.

Sau ɗaya ya koma shagonsa. Shi ya nuna da sanda yana so a tsallaka da shi. Tsofaffin abokan hira suka taru, Yaya ya zauna a kujera ya ce yau ƙaninsa zai yi masa aski, hannun hagu ma hannu ne. Aka ɗaura ƙyalle, aka kunna kilifa aka sa masa a hannu. Ya kai ta ƙeya, hannun ya karkace, ta zabtare gashi har fata ta kama bayan kunne, jini ya tsattsafo. Wani ya fara dariya don a mayar da abin wasa, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru. Rediyo ya tsaya yana kallon kansa a madubi, karkataccen baki da dogon tabo daga kunne zuwa ƙashin wuya, kilifa na ta kuka a hannunsa, har Tela ta zo ta kashe ta. Bai sake kallon wajen shagon ba. Daga baya wani mai gyaran waya ya karɓi wurin, ya cire madubin ya kafa allon talla.

Ta sa masa kujera a shagonta kusa da keke, nan yake wuni. Masu wucewa su ɗaga hannu su ce Rediyo ya jiki, ya ce lafiya lau, su tafi suna cewa ai ya samu sauƙi sosai. Ita kaɗai ta san kalmar tana da fuska da yawa. Da ita yake neman a kai shi banɗaki, da ita yake cewa ƙafarsa ta ɗaure, da ita ya gaya mata ranar da shayi ya zube masa a cinya yana ƙona shi ita tana can tana gwada wa wata riga.

Da shekara ta zagayo suka koma a sake hoto. Likitan ya ƙara tsufa a idonta. Ya gaishe da mara lafiyar da hannu biyu, ya duba tabon, ya ce gadar na aiki, inda aka cire ba abin da ya sake fitowa. Sannan ya juyo da kwamfutar ya nuna mata ɗaya ɓangaren. A wuyan dama, a irin wannan rabuwar jijiya, ga wani nan ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake. Ya ce wannan ba za a taɓa shi ba. Jijiyar murya ɗaya ta rage masa, idan ita ma ta tafi ko numfashi sai an huda masa maƙogwaro. Za a riƙa dubawa lokaci lokaci, idan ya girma a gasa shi, wataƙila ma har ƙarshen rayuwarsa ba zai dame shi ba.

Ta kalli ƙwayar waken. Sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

“Likita, ashe ana iya bari?”

Bai kauce wa idonta ba. “Ana iya bari, Malama. Da kun bar wancan, wataƙila ya yi shekaru yana surutunsa, wataƙila kuma ku dawo min da shi ya fi ƙarfin wuƙa. Da yau za a kawo min mai irinsa, shawarar da na ba ku ita zan sake bayarwa. Amma ko ita ce daidai a kansa shi, wannan ban sani ba. Nakan tuna shi.”

Har sun miƙe ya ce akwai saura. Idan abin ya fito a ɓangare biyu, sau da yawa a jini yake, kuma daga uba yakan bi 'ya'ya. Idan suna da 'ya'ya a kawo su a duba, don wanda aka kama yana ƙarami cire shi ba ya kai wannan haɗari. Mijinta na tsaye a kan sandarsa yana ji. Ta ga ya gane.

Ta riƙe maganar a cikinta har ranar hutun 'yar, da ta zo da yaron da ya fara rarrafe. Suna kicin, Tela na murƙushe dafaffen dankali da madara don abincinsa, ta gaya mata duka, da na wuyan dama da abin da likita ya ce game da 'ya'ya. Ta ce hoto ne kawai, ba ciwo, ba yanka, ta sa rana su je tare.

'Yar ta daɗe tana jijjiga yaron a kafaɗa. Hannunta ya tashi kamar zai je wuyanta, ta mayar da shi bayan yaron.

“In sun gani fa, Mama? Sai me?”

Tela ta ce ai likita ya ce ƙarami ba ya da wuyar cirewa.

“Na Baba ma cewa aka yi yawanci da ƙafafunsu suke komawa gida.” Ta sauke murya don kada a ji daga falo. “Ke kina ganin ke kika sa shi. Ke watanni kika yi kina magana bai yarda ba. Ni na zo na yi kuka, a zama ɗaya ya ce a yanka. Kullum na shigo gidan nan da wannan nake shigowa. Ba zan je ba, Mama. Ki bar ni in yi renon ɗana ban sani ba.”

Tela ta buɗe baki. Duk maganganun suna nan a shirye, na rigakafi, na yayarta, na yaron da ke kafaɗa, kuma ta san har gobe gaskiya ne. Ta rufe bakin. Ta ci gaba da murƙushe dankalin da ya riga ya yi laushi.

'Yar ta miƙa mata yaron ta karɓi kwanon. Daga ƙofar kicin Tela na ganinsu: ta ja kujera gaban mahaifinta, ta ɗaura masa tawul, ta ce Baba sunkuyar da kai, ta kai masa rabin cokali. Ya haɗiye na farko. A na biyu ya ƙware, tarin ya riƙe shi har fuskarsa ta yi duhu, 'yar na bubbuga masa baya tana cewa sannu, sannu. Tela ta tsaya da jikanta a hannu har tarin ya lafa, ta ji numfashinsa ya daidaita. Sannan ta koma ciki ta kashe wutar da ta manta a ƙarƙashin tukunya.